Ƙaramar Ƙofar Injiniya Almu

A shekarun nan da gangar ɗanyen mai ta haura dala ɗari, Katsina ta kamu da ciwon get. Duk wanda ya samu 'yar kwangila, kafin ya rufa ɗaki sai ya zagaye fili da katanga, ya kafa mata get ɗin da ya fi na maƙwabcinsa ko da taƙi ɗaya ne. Masu walda suka zama manyan mutane. Mu kuwa 'yan zaman benci na Ƙofar Durbi, da ba mu da fili balle katanga, muka naɗa kanmu alƙalan get, muna yanke wa na kowa hukunci daga inda muke zaune.

Bencin namu a jikin rumfar Malam Sada yake, tsohon maƙerin da ya ajiye zuga-zugi ya kama walda tun muna yara. Ɗansa Almu, mai shekara arba'in da ɗoriya, ga tumbi ga baki, shi ke yin yawancin aikin, amma mabuɗin rumfar yana aljihun tsoho. Kullum da safe sai ka ga Almu, da furfurarsa a gemu da 'ya'yansa biyar a gida, yana tsaye a bakin rumfa yana jiran Baba ya gama lazimi ya zo ya buɗe. Abin nan yana ci masa rai ba kaɗan ba. Ya roƙa, ya aika manya, ya yi fushi ya huce don kansa, amsar tsoho ɗaya ce.

"Ran da ka yi ƙofar da na duba ban ga abin gyara ba, mabuɗi naka ne, ni in koma gida in huta."

Malam Sada yana da wata sandar awo ta ƙarfe, siririya, ƙafa huɗu, da wata tsohuwar sikwaya da yake gwada kusurwa da ita. Bai taɓa ɗora sikwayar nan a aikin Almu ya ɗauke ba tare da ya yi tsaki ba, don Almu mutum ne da ya yarda da idonsa fiye da kowane ma'auni.

Ana haka Almu ya tafi Kaduna kwas ɗin sati biyu na zanen ƙarfe da kwamfuta. Kwana tara ya yi ya dawo, wai malamin ya fara maimaita abin da ya riga ya sani. Ya iso da kwamfutar tafi-da-gidanka a jaka, da farin gilashi marar magani, da allo da aka rubuta Injiniya Almu da fenti ja. Mu ne muka fara kiransa da sunan. Ba zan ɓoye ba, shayi mai madara da rabin burodi ya saye mu gaba ɗaya.

Sati bai zagayo ba sai ga Alhaji Gwadabe, wanda kwangilar kwalbatoci ta ɗaga a damina biyu, ya faka a bakin rumfa. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa da zafin gari, aka sake tambayar gida, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya gina gida a Kambarawa, walimar buɗe shi saura sati uku, yana son get ɗin da in mutum ya wuce sai ya waiwayo. Babban get na mota, ƙafa goma, da ƙaramar ƙofa ta mutane a gefe, faɗi ƙafa uku, tsawo ƙafa bakwai.

"Ranka ya daɗe, ka zo inda ya dace," in ji Almu, yana buɗe kwamfuta. "Zamanin zana get da alli a ƙasa ya wuce. A nan zan haifi get ɗinka, ka gan shi da ido kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya."

Malam Sada, wanda da alli yake zana nasa a ƙasa, ya ɗago ya dubi ɗansa.

"To, ga ranar ta zo. Wannan aiki naka ne kai kaɗai. Ba zan sa baki ba, ba zan ko kalla ba sai ya tsaya a jikin katanga. Ranar walima zan zo da sandata."

Ya kuwa cika alkawari. Da safe ya buɗe rumfa, ya kau da kai, ya tafi majalisar abokansa a Gobarau, sai yamma ya dawo ya rufe.

Kwana biyu Almu yana zane, mu muna leƙe ta kafaɗarsa muna ba da shawarar da ba a nema ba. Get ya fito a fuskar kwamfuta shuɗi shar, da furanni da zobba da wani kambi a sama mai ɗauke da sunan Alhaji. A rana ta uku Alhaji ya bugo waya, ya ce motar da ya yi oda ta fi wadda ya yi niyya faɗi, a mayar da get ƙafa goma sha biyu.

"Abu mai sauƙi," in ji Almu. "Ku matso ku ga abin da alli ba ya yi."

Ya kama layin gefe ya ja. Layin ya tafi shi kaɗai, ya bar 'yan'uwansa a baya. Ya kamo na sama don ya cim masa, na sama ya karkace kamar rufin da iska ta ɗaga. Ya taɓa zobe ɗaya, zoben ya zama ƙwai. Kafin a ce haka, kambin ya zame gefe, sunan Alhaji yana rataye a sarari ba abin da ya riƙe shi.

Lawal, wanda ya shekara ashirin yana yanka ƙarfe a rumfar kuma ba ya magana sai ta zama dole, ya leƙo ya ce, "Wannan bayan tirela ta bi ta kansa ne?"

"Matakin farko ne," in ji Almu, gumi na bin gefen gilashinsa. "Kai dai ka san injin yanka."

Allah ya taimake shi da Istifanus, mutumin Zonkwa, wanda ya daɗe yana zanen gine-gine a wani ofishin gwamnati a garin, ya zo a yi masa waldar ƙafar babur. Ya tsaya ya kalli ɓarnar, ya yi ƙoƙari ƙwarai bai yi dariya ba.

"Malam Almu, layukanka duk shuɗaye ne."

"Injiniya. Kuma ni na zaɓi shuɗi, Alhaji na son shuɗi."

"To Injiniya, ba ado ba ne. Shuɗi na nufin ba ka gaya musu komai ba. Kai ne kake ganin wannan layi a tsaye yake, ita kwamfuta ba ta sani ba sai ka gindaya masa sharaɗi. Ka ce wannan ya tsaya cak, wannan ya kwanta. Waɗannan biyu su jera tare, kada su taɓa haɗuwa. Bakin wannan ya manne da bakin wancan. Wannan tsawonsa ɗaya da na wancan. In ka ɗaure su duka, sai su koma baƙaƙe. Daga nan duk lambar da ka canza, sauran za su biyo ta cikin tsari."

Ya karɓi kwamfutar ya ɗaure layi huɗu, ya ja ɗaya, sauran ukun suka bi shi tiryan-tiryan, kusurwa ba ta motsa ba. Mu na benci muka haɗa baki muka ce ikon Allah.

"Abu ɗaya kawai," in ji Istifanus. "In ka ga sun yi ja, ka tsaya. Ka ba da umarni biyu masu karo da juna ke nan, tana gaya maka ba zai yiwu ba. Kada ka goge komai sai ka gane abin da take nufi."

Wannan magana ta ƙarshe ba ta samu wurin zama a kan Almu ba, don bakinsa ya riga ya buɗe.

"Ai abin da nake shirin yi ke nan. Gwada ka nake, in ga ko ku ma'aikatan gwamnati kuna biye da zamani."

"Na gode da ban faɗi ba," in ji Istifanus, ya tura babur ɗinsa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa barinsa ya ba da umarni ba, yau ga shi da layuka ɗari biyu da ba sa musu. Kwana uku yana zaune yana mulki. "Kai, tsaya. Kai, kwanta. Ku biyun nan kada in sake ganin ɗaya ya fi ɗaya." Ya ɗaure zobba da sanduna, ya ɗaure furanni da zobba, ya ɗaure abin da ke buƙatar ɗauri da abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A cikin ƙaramar ƙofa akwai ƙarfen tokara da ya tashi daga kusurwar ƙasa ya haura zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen. Almu ya ga karkatarsa ta yi masa kyau, sai ya kafe ta, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu kada ta canza. Da magina suka gama ginshiƙai biyu na bakin katanga, ƙafa goma sha biyar tsakaninsu, ya shigar da wannan ma ya kafe. Zane ya koma baƙi ƙirin, sha biyu na mota, uku na mutane.

Har wata sakata ya ƙirƙiro ta cikin get, mai faɗawa rami da kanta da zarar an rufe. Ya ce ko a Kaduna ba a fara yin irinta ba, muka ce ai daga gani.

Saura kwana goma walima, Alhaji Gwadabe ya dawo da mutum huɗu a bayansa, fuskarsa ba walwala. Ya sa an auna masa get ɗin Alhaji Babaji, wanda gidansa ke kallon nasa, an samu ƙafa goma sha uku.

"Nawa sha huɗu zai zama," in ji shi. "Amma kada a taɓa mini ginshiƙai, an riga an manna musu tayil."

Almu ya miƙe, ya gyara gilashi, ya sa aka matso da benci. Ya jawo kambin nan mai sunan Alhaji har ya cika fuskar kwamfuta, don mai gida ya ga sunansa da kyau, sauran zanen ya ɓuya a gefe.

"Ranka ya daɗe, da hannu ne, da sai a sake aiki daga farko. Ni lamba ɗaya zan taɓa."

Ya goge sha biyu ya rubuta sha huɗu. Zane ya yi jawur.

Lawal ya ce, "Ta fasa jini."

"Lafiya dai?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. Tunani take, aikin babban mutum ne."

Gaskiyar magana, baiwar Allah kwamfuta cewa take sha huɗu da uku ba sa shiga cikin sha biyar, lissafin da ko mai tallar gyaɗa zai yi a tsaye. Amma idon Alhaji na kan Almu, idon mutum huɗu na kansa, namu ma na kansa. Wani ɗan akwati ya fito da jerin sharuɗɗan da ke faɗa da juna. Almu ya duba, ya zaɓi wanda ya fi ƙanƙanta a ido, wata 'yar lamba uku da ke ƙasan jerin, ya goge ta. Nan take jan ya washe, komai ya koma baƙi.

"Kun gani," in ji shi. "Ta yi ladabi."

Muka tafa. Har da ni, kuma ina jin nawa tafin ya fi na kowa ƙara.

Ya buga jerin tsawon ƙarafa a takarda ya miƙa wa Lawal, ya rufe kwamfuta, ya shiga hidimar da ta fi muhimmanci a wurinsa, wato zaryar gidan tela kan babbar rigar da zai karɓi mabuɗi a cikinta, da buga katin da zai raba wa manyan baƙi. Sau biyu Lawal yana tare shi.

"Injiniya, akwai wasu gajeru a takardar nan da ban gane ba."

"Ba a sa ka gane ba, an sa ka yanka. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Lawal ya ɗaga kafaɗa ya yanka.

Ranar jajiberin walima bayan la'asar aka shimfiɗa get a filin bayan rumfa, an haɗa, an yi fenti. Maganar gaskiya ya yi kyau, ɓangare biyu kowanne ƙafa bakwai, furanni sun zauna daram. Almu yana zagaya shi yana shafa tumbi, sai ya ce, "Ina ƙaramar ƙofa?"

"Kana taka ta," in ji Lawal.

Almu ya ɗaga ƙafa. A gefen get akwai wani dogon fallen ƙarfe siriri, a gindinsa kuma ga wata 'yar ƙofa, faɗi ƙafa ɗaya, tsawo ƙafa biyu da inci huɗu. Tana da mariƙinta, da tokararta a karkace yadda ya umarta, da ɗan furenta a tsakiya. Ba abin da ta rasa sai girma.

"Na ɗauka ta mitar wuta ce," in ji Lawal. "Ko ta wasiƙa."

Aka aika aka kira Istifanus. Ya buɗe zanen, ya duba bai fi minti ɗaya ba.

"Ta yi ja?"

"Ta ɗan yi."

"Ka goge wani abu?"

"Wata 'yar lamba ce."

"Faɗin ƙofar ne ka goge. Ka kafe ginshiƙai, ka ba mota sha huɗu, ƙafa ɗaya ta rage, sai ƙofa ta ɗauka. Kuma ka hana tokara canza karkata, don haka da faɗi ya tsuke, dole ta jawo saman ƙofar ƙasa. Ba ta saɓa maka ko ɗaya ba. Ka gaya mata komai, ka manta ka ce mutum ne zai shiga." Ya rufe kwamfutar. "Ka je ka gaya wa Alhaji yanzu. A rage get, a ba ka kwana uku."

Almu ya tuna sandar Baba, ya tuna tsayuwar safe a bakin rumfa. Tsoro ya kama shi na gaske. Amma tsoron Almu ba ya daɗewa bai rikiɗe ya zama dabara ba.

"Waje get ɗin ke buɗewa," in ji shi a hankali. "In aka wangale ɓangaren dama har ya kwanta a jikin katanga, ya rufe ta ruf. Ranar walima wa ke rufe get? Baba ya auna babba, ya ga ba abin gyara, ya ba ni mabuɗi. Jibi in san yadda zan yi da wannan."

"In ya tambayi ƙarama fa?" in ji Istifanus.

"In ce fenti bai bushe ba."

Istifanus ya dube mu ko za mu ce wani abu. Mu kuwa muka ce wallahi dabara ce.

Da sassafe aka kai get Kambarawa aka kafa, aka wangale shi, ɓangaren dama ya lulluɓe abin kunya. Kafin hantsi titi ya cika da rumfuna da kujeru. Iyalin Alhaji ba su tare ba tukuna, sai dai an kawo kulolin shinkafa da naman rago daga tsohon gida an jere a tsakar sabon, ƙamshi na fitowa yana gaishe da mutane. Almu yana yawo cikin babbar riga ruwan ƙwai yana raba kati. Malam Sada ya iso da sandarsa da sikwayarsa, ya samu kujera a gefe ya zauna.

Sai Alhaji Gwadabe ya fito da wani koren ƙyalle da almakashi.

"A rufe get a ɗaura wannan. Zan yanka, a buɗe, mota ta shiga, mai bidiyo ya ɗauka. Yadda ake yi in za a buɗe asibiti. Kowa ya fito waje, har masu rabon abinci, a cika hoto."

Almu ya sha gabansa. "Ranka ya daɗe, a ɗaura ƙyallen a buɗe mana, ya fi kyau a hoto."

"A buɗe me zan buɗe?"

"Fenti bai gama bushewa ba."

Alhaji ya shafa ya duba tafinsa. "Ya bushe."

"Ƙarfe sabo yana son ya sha iska kwana ɗaya kafin a rufe shi. Haka ake yi a Kaduna."

"Nan Katsina ne," in ji Alhaji, ya ɗaga wa mutanensa hannu.

Aka tura ɓangaren hagu, aka ɗago na dama daga jikin katanga aka tura. Suna haɗuwa, sakatar da ko a Kaduna ba a fara yin irinta ba ta faɗa raminta ta ciki, ƙwal. Kowa yana waje, abinci yana ciki, katanga ƙafa goma da waya mai ƙaya a samanta, tsanin magina kuma yana ciki, jingine a bayan kicin. A gindin ginshiƙin dama, 'yar ƙofa ta bayyana tana ƙyalli a rana.

Mutum wajen ɗari biyu suka sunkuyar da kai a tare suna kallonta. Alhaji Babaji, mai get ƙafa sha uku, shi ya fara samun bakin magana, cikin murya mai taushi ta wanda Allah ya amsa wa addu'a.

"Alhaji, ashe kiwon zomo za ka fara ba ka gaya mana ba."

"Mene ne wannan?" in ji Alhaji Gwadabe.

"Ƙaramar ƙofa ce, ranka ya daɗe," in ji Almu. "Kai ka ce ƙarama."

"Ƙafa uku na ce."

"Wannan tsohon yayi ne. Yanzu tsaro ake dubawa. Ɓarawo ko ya shiga, ba ya fita da talabijin. Kuma duk wanda zai shigo gidanka sai ya durƙusa maka tun daga waje."

"Ni ma in na dawo daga masallaci sai in durƙusa wa kaina?"

"Kai da mota kake shiga."

"Daga masallacin da ke bayan gidana?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai addu'a aka kira shi, kuma shinkafa na hucewa. Wani ya ce a samo yaro ya shiga ya zare sakata. Da Almu ya yi shiru a nan, da abin ya tsaya a dariya. Amma ya waiga ya ga Baba ya miƙe, ya dogara sanda yana kallonsa.

"Ba ƙofar yara ba ce," in ji Almu da ƙarfi. "Ta manya ce, an lissafa ta. Ku ba ni wuri."

Ya cire hula ya ba Lawal, gilashi ya ba Istifanus. Babbar riga kuwa ya ƙi cirewa, don a cikinta ya yi niyyar karɓar mabuɗi. Ya buɗe 'yar ƙofa, wadda ta buɗu lumui ba ko ƙara, ya kwanta ta gefe a ƙasa, ya zura hannu ɗaya, ya zura kai, ya murɗa kafaɗa ta wuce. Daga ciki muka ji muryarsa.

"Kun gani ko? Lissafi ne."

Ƙirji ya wuce da ƙyar. Da aka zo tumbi sai tafiya ta tsaya. Ya ja numfashi ya matsa, riga ta tattare ta cushe sauran wurin. Ya yi gaba, babu. Ya yi baya, babu. Hannunsa na ciki ya miƙa wajen sakata, saura ƙafa shida.

"A ɗan tura ni," in ji shi.

Mu na benci muka ga ranar rama shayi ta zo, muka kama ƙafafu muka tura. Ya yi ƙara ya ce a ja. Muka ja, takalmi ɗaya ya fito a hannunmu. Wani ya ce a shafa masa man gyaɗa, aka tuna man yana ciki. Wani ya ce a bar shi ya kwana biyu bai ci ba, zai zame da kansa. Alhaji Babaji ya sa aka matso masa da kujera. Mai bidiyo, da aka ce ya ɗauki shigar farko ta gidan, yana ta aikinsa tsakani da Allah.

"Yanzu ko yaron ma ba shi da hanya," in ji Lawal. "Injiniya ya zama ƙofa."

Alhaji Gwadabe yana tsaye da almakashi a hannu, ya rasa wanda zai yanka.

Sai Malam Sada ya tako a hankali, mutane suka dare. Bai dubi ƙafafun ɗansa ba. Ya je tsakiyar get, ya kara ido a 'yar tsagar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ya zura siririyar sandarsa, ya laluba, ya ɗaga. Sakata ta fito. Ya ce wa Alhaji, "Bisimilla, yanka ƙyallenka."

Aka yanka, aka buɗe ɓangaren hagu kaɗai, don na dama in an wangale shi zai danne ƙafafun Injiniya. Motar da aka faɗaɗa get dominta ta shige ta ƙafa bakwai ba ta ko gogi fenti ba. Jama'a suka bi ta a guje zuwa wurin kuloli, wasu suka tsaya a waje don abin kallon ya fi shinkafa.

Malam Sada ya zagaya ta ciki, ya zo inda kan Almu yake a ƙasa, kunci ɗaya a kan siminti, ya tsuguna. Ba kowa a wurin sai su biyu, sai ni da na laɓe a bayan ginshiƙi da faranti.

"Baba, tun ɗazu ka san sandar za ta buɗe?"

"Tun da aka rufe."

"Ka bar ni na shiga?"

"Na ce ba zan sa baki ba. Kai kuma ba ka tambaya ba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin rumfa. Ya sake masa igiya sabuwa, ya goge shi har yana ƙyalli. Ya riƙe shi daidai idon Almu.

"Da shi na zo. Na ga babban tun daga nesa, na ce yau zan huta."

Ya mayar da shi aljihu. Almu ya bi hannun da ido har ya ɓace. Idonsa ya kawo ruwa, abin da tunda nake da shi ban taɓa gani ba. Ni ma na ajiye farantin a ƙasa, don na san da tafinmu aka kai shi nan.

Tsoho ya ciro sikwaya, ya kara a kusurwar sama ta 'yar ƙofar, saitin kafaɗar ɗansa. Ya kara a ɗayar. Ya ɗage gefen babbar riga ya gwada na ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, yana neman inda haske zai ratsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, bai samu ba. Tsakin da aka saba ji bai zo ba.

"Shekara hamsin ina wannan aiki," in ji shi, "ban taɓa fitar da kusurwa huɗu da suka tsaya haka ba."

Almu ya ɗago kai iyakar yadda ƙofa ta bari, ya tofar da yashin da ke leɓensa.

"Baba, don Allah ka faɗa da ƙarfi, na waje su ji."

Malam Sada ya miƙe, ya leƙa waje inda dariya ke tashi, ya dawo da kansa.

"Na wajen ba kusurwa suke kallo ba," in ji shi, ya ƙwala wa Lawal kira ya kawo injin yanka.